Kada ku raina karatun sanin mutane

Ƙannena da aka bai wa gurbin nazarin al'adu da zamantakewar ɗan Adam, wato antirofoloji, na san tambayar da ake tare ku da ita a gida: "To in ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?" Wasunku har sun fara fafutukar sauya kwas. Don Allah ku dakata.

Ku tuna 2003, da aka tsayar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa Yulin 2004. Ga magani, ga kuɗi, ga ma'aikata, amma magidanta suka ja ƙyaure. Jama'a ba su manta gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin magunguna ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Uwa kuma tana tambaya: don me ake biyo ni har ɗaki da ɗigon kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama ɗana sai na sayi magani da kuɗina? Ɗakin gwaje-gwaje ba shi da amsar wannan. Sai da aka bi ta hannun sarakuna, masu unguwanni, malamai da matan da ke shiga gida-gida, sannan aka fara buɗe ƙofa. Haka aka yi da Ebola a Gini da Saliyo a 2014: masana al'ada na cikin waɗanda suka taimaka aka samo yadda za a yi jana'iza babu yaɗa cuta, babu wulaƙanta mamaci.

Irin wannan aikin ƙungiyoyin lafiya da na agaji ke biyan kuɗi a yi musu. Akwai cibiyoyin bincike kamar LASDEL a Yamai, akwai gidajen tarihi irin Gidan Makama, akwai koyarwa da jarida.

Amma fa takardar shaida kaɗai ba ta kai ku can. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗalibin da zai rubuta kundi a kan auren Fulani bai taɓa kwana a ruga ba, ya kwafo komai daga intanet. Haba! Ku fita. Ku tuɓe takalmi a zaure, ku zauna kan tabarma, in an miƙo fura ku sha, ku bar tsoho ya gama zancensa ko da ya biyo ta yunwar 1973. Da dare ku rubuta abin da kuka ji da wanda kuka gani, kafin barci ya kwashe rabi. Ku ƙara Fulatanci ko Barbarci a kan Hausarku, ku kuma koyi rubuta rahoto mai shafi biyu da Turanci ko Faransanci, wanda darakta zai karance kafin shayinsa ya huce.