Na koya wa yara ƙaga labari, suka ƙago ni

Hutun makaranta ne ya tara min yara huɗu a gida, nawa biyu da na yayata biyu. Kwana uku da zuwansu kaina ya ɗauki zafi, sai na ce bari in sama musu abin yi. Da yake ina ɗan taɓa rubutu (akwai littafin da na fara shekara 9 da suka wuce, yana babi na 3, kada kowa ya tambaye ni), na yi shela cewa daga gobe za a buɗe ajin ƙagaggun labarai a falo. Matata ta dube ni ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Yadda ta ja "Malam" ɗin nan ya isa in janye tun a ranar, amma ina.

Washegari na raba takarda da fensir, na gyara murya. Na ce musu wani masani Bagirke mai suna Aristotle ya faɗa, sama da shekara 2,300 da suka wuce, cewa labari sai da farko da tsakiya da ƙarshe. Babban ɗan yayata, mai shekara 11, ya ɗaga hannu.

"Kawu, sai da aka kirawo masani kafin a gano wannan?"

Na yi kamar ban ji ba, na ba su minti goma kowa ya rubuta nasa. Autana mai shekara 6 ya gama cikin minti ɗaya. Ga abin da ya miƙo min: "Akwai wani zaki. Ya fita. Ya mutu." Farko, tsakiya, ƙarshe. Yaro ya bi ƙa'ida sau da ƙafa, ni kuma na rasa ta inda zan kama shi.

Na zaunar da shi na yi masa bayani a tsanake. Na ce labari yana tsayuwa ne a kan abu biyu: tauraro yana son wani abu ƙwarai, wani abu kuma ya tare masa hanya. In babu buri babu tafiya, in babu cikas babu abin jira.

"To zakin nan me yake so?"

"Ba ya son komai, Baba."

"Me ya kashe shi?"

"Ni."

Ita kuwa 'yar yayata mai shekara 9 shafi huɗu ta cika. Sai gimbiya ta hau tsuntsu, sai ta haɗu da aljani, sai aljani ya koma rijiya, sai rijiya ta yi magana. Na ƙirga "sai" har 41, na ƙarshen shi ne "sai ta farka, ashe mafarki ne". Tunani kam akwai shi, har ya fi nawa, amma abubuwan sun jeru ne kamar layin tururuwa, babu wanda ya jawo ɗan'uwansa. Na koya musu kalmomi biyu da na fi yarda da su a sana'ar nan. "Amma" ita ke kawo cikas, "saboda haka" kuma ita ke sa abin da ya faru ya haifi na gaba. Mafarki kuwa na haramta shi ƙiri-ƙiri. Na ce mai karatu ya bi ki shafi huɗu da zuciya ɗaya, ki juyo ki ce masa duk a banza ya sha wahala? Ba a ajina ba.

Rana ta uku ce na yi wa kaina aika-aika. Daɗin koyarwa ya ɗebe ni, na ce, "Kada wanda ya rubuta min 'ya ji tsoro'. Ku nuna min gwiwa tana kaɗawa, maƙogwaro ya bushe. Ku riƙa lura da mutanen da ke kusa da ku, musamman abin da suke yi in sun ɗauka babu mai kallonsu. Kuma tauraron da ba shi da aibi ko ɗaya ba ya shiga rai." Na ga sun kalli juna, sun yi tsit. Ni a wautata na ɗauka ilimi ne ke ratsa su.

Da yamma na jiyo ƙarar fashewar abu a ɗaki, can kuma muryar Auta yana ba da bahasi: "Mama, tauraron yana son ya ɗauko ƙwallonsa a saman kabad, amma kujerar gajeriya ce, saboda haka..."

"Saboda haka me?"

"Saboda haka madubi ya mutu."

Matata ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka ga sakamakon ɗalibinka." Ban ce uffan ba, don a gaskiya zubin labarin ya fi na zaki nesa ba kusa ba.

Ranar da yayata ta zo ɗaukar 'ya'yanta muka sa za a yi karatun ƙarshe. Yaran suka ce labari ɗaya suka haɗu suka rubuta. Na zauna a tsakiya ina shafa gemu, ina jiran yabo. Yarinyar ta miƙe ta fara:

"Akwai wani mutum mai sanƙo da yake son ya zama babban marubuci. Amma duk lokacin da ya buɗe kwamfuta, yakan goge tabarau sau biyu, ya rubuta layi ɗaya, ya share, ya yi tsaki. Saboda haka yakan ɗauki waya ya ce bincike yake yi."

Yayata ta fara toshe baki da mayafi. Aka zo wurin kyankyaso. Wallahi ba su ce ya ji tsoro ba. Cewa suka yi ya tattare ƙafar wando, ya haye kujera, ya kira matarsa da wata siririyar murya, da ta shigo kuma ya ce agogon bango yake gyarawa. Matata ta zame daga kujera tana riƙe ciki. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, na duba da idon malami, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Ga buri, ga cikas, ga aibi, aibi ma har ya yi yawa.

Na daure na ce, "Wannan dai ƙagagge ne ko?"

"Ai Kawu ba mu ambaci sunan kowa ba," in ji babban.

"To yaya aka ƙare? Mutumin ya gama littafin nasa?"

Yarinyar ta duƙar da kai cikin ladabi ta ce, "Mun so mu ce ya gama, Kawu, amma ka hana mu ƙarewa da mafarki."

Daga bayan kujera Auta ya ɗago kai. "Ni na ce a kashe shi, suka ƙi."