Biza a hannu, ƙofa a rufe: wa zai ɗauki asarar wanda aka juyo da shi?

Ranar da Kawu zai tafi, mu huɗu muka raka shi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Ɗansa ne ya gama karatu a wata ƙasa ta Turai, za a yi bikin yaye su, shi kuwa tun da yake, in ban da Saudiyya, bai taɓa taka wata ƙasa ba. Ya ɗinka wa yaron shadda kala biyu, ya haɗa da huluna, uwar yaron ta ƙulla yaji da kuka da daddawa a leda uku. Fasfo yana aljihun gaban rigarsa, jim kaɗan sai ya kai hannu ya shafa. A ciki akwai biza lafiyayya, wadda ya biya kuɗinta, ya je Abuja aka ɗauki zanen yatsunsa, ya yi makonni yana jira kafin ta fito.

Kwana biyu da tafiyarsa, ana fitowa daga sallar asuba, wayata ta yi ƙara. "Ɗana, ina Abuja. Ka zo ka ɗauke ni. Kada ka gaya wa kowa tukuna."

A mota ya ba ni labari, yana yi yana tsayawa. Jami'in shige da fice ya tambaye shi inda zai sauka, ya miƙa takardar otal ɗin da ejan da ya nema masa biza ya ba shi. Jami'in ya ɗaga waya ya kira otal ɗin, aka ce an soke wannan ɗaki tun makon da biza ta fito. Aka tambaye shi kuɗin guzuri, ya nuna ɗan abin da ke hannunsa, ya ce ai wurin ɗansa zai zauna. Nan magana ta rabu biyu, takarda na cewa otal, baki na cewa gidan ɗa. Wasiƙar gayyatar makarantar tana cikin wayarsa, wayar kuma caji ya ƙare. Ya kwana a kan kujera a wani ɗaki mai hasken da ba a kashewa, yaron yana waje, tsakaninsu bango ɗaya, ba su ga juna ba. Da safe aka miƙa masa wata takarda da harshen da ba ya karantawa, aka raka shi har bakin jirgi.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, sai ya faɗo kanmu, shi ne biza ba izinin shiga ƙasa ba ce. Izinin isa bakin ƙofa ce. Kamar ka yi sallama ne yaro ya fito ya ce ka shigo zaure. Wucewa cikin gida kuwa sai maigida ya leƙo ya ga fuskarka. Ofishin jakadanci ke ba da biza, amma jami'in da ke zaune a filin jirgi shi ke da magana ta ƙarshe. Amurka ta rubuta wannan ƙarara a bayanan bizarta. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, waɗanda yanzu sun kai 29, dokarsu ta ba jami'in iyaka damar ya sake tambayar dalilin zuwanka, masaukinka, guzurinka da tikitin komawarka, ko da biza na manne a fasfo. Mu ma haka muke. Dokar shige da fice ta Najeriya ta 2015 ta ba jami'anmu ikon juya baƙo daga Legas ko Kano ko Abuja. Hatta yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba mu damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza, ta bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ba ta yarda da shi ba.

Ba na jayayya da wannan iko. Kowane gida da mai shi, kuma ƙasar da ba ta iya cewa "dakata" a ƙofarta ba ta cika ƙasa ba. Inda nake da magana shi ne lokacin da ake amfani da ikon, da yadda ake yi, da kuma wanda ake bari da ɗaukar asara.

Wanda ya nemi bizar Shengen yana biyan Yuro 90, mai neman ta ziyarar Amurka Dala 185, kuma ko an ba shi ko an hana shi kuɗin sun tafi. Ya kai takardun banki, ya ba da yatsu, ya amsa tambayoyi. Duk wani kokwanto a kansa, nan ne wurin warware shi, domin wanda aka hana a Abuja kuɗin takarda kaɗai ya yi asara, ya hau jirgin ƙasa na yamma ya dawo Kaduna ya kwana a ɗakinsa. Wanda aka juyo daga can kuwa tikiti ya ƙone, abin da aka je dominsa ya wuce, fasfo ya ɗauki tabon da zai bi shi duk ofishin jakadancin da ya shiga nan gaba. A ƙa'idojin sufurin sama da suka samo tushe daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, kamfanin jirgin da ya kawo mutum shi ke da alhakin mayar da shi, amma sau da yawa tikitinsa na dawowa ake cinyewa a yi hakan. Saboda haka nake ganin juyo da mutum daga iyaka ya kamata ya zama sai in wani sabon abu ya bayyana, ba abin da tun a teburin farko ana iya ganinsa ba.

Mu a Arewa mun ɗanɗana wannan a hanyar da ta fi kowace soyuwa a zukatanmu. A watan Satumbar 2012 hukumomin Saudiyya suka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya fiye da 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina, a kan cewa ba su tare da muharrami. An dawo da ɗaruruwa, har aka dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci, gwamnati ta naɗa tawaga ƙarƙashin Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal. Waɗannan mata da biza suka tafi. Wata ta sayar da gona, wata shekaru ta yi tana zubin adashi. Maganar muharrami ai magana ce da ake iya tantancewa tun a sansanin alhazai na Mando, kafin ƙafa ta taka matakalar jirgi. A Nuwambar 2023 kuma jirgin Air Peace da ya tashi daga Legas ya biya ta Kano ya sauka Jidda da fasinjoji 264, aka sanar da soke bizarsu. Bayan an kai ruwa rana aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Ko a watan Mayun 2025, Sheikh Ahmad Gumi, wanda duk Kaduna ta san shi, ya isa Madina da bizar aikin Hajji aka juyo da shi. Ko kana tare da ra'ayinsa ko ba ka tare da shi, tambayar ɗaya ce: in ba a son mutum ya zo, me ya sa aka buga masa biza?

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A batun mutum 177 ɗin nan, ofishin jakadancin Saudiyya ya ce sun ba da bayanan da ba daidai ba don samun nau'in bizar da bai dace da su ba. Ni na san yadda irin wannan ke faruwa, domin a gabana ake yi. Mutum ya shiga shagon eja a Ahmadu Bello Way ko Tudun Wada ko Kawo, ya ajiye fasfo da kuɗi, ya ce Umra yake so, ko sayayya zai je. Eja ya zauna gaban kwamfuta ya cike fom shi kaɗai. Ya zaɓi nau'in bizar da ta fi saurin fitowa ko ta fi arha, ya rubuta sana'ar da mutumin bai taɓa yi ba, ya kama otal na bogi wanda za a soke da zarar biza ta fito. Matafiyi bai ga fom ɗin ba, balle ya san me aka ce ya ce. Sai ya tsaya gaban jami'i a wata ƙasa, a karanto masa maganar da aka rubuta da sunansa, ya musanta da iyakar gaskiyarsa, musun nan kuma ya zama hujja a kansa. Abin da ya faru da Kawu ke nan. Bai yi wa kowa ƙarya ba, da sunansa aka yi ta.

Akwai ejoji na ƙwarai, na san wasu da za su zaunar da kai su karanta maka kowane layi. Miyagun kuwa kunyarmu ce ke yi musu rumfa. Kawu ya yi Juma'a biyu bai je masallacin da ya saba ba, don kada a ce "Alhaji, har ka dawo?" A wurinmu wanda aka juyo da shi kallon mai laifi ake yi masa, a yi ta raɗe-raɗin ko ƙwaya aka kama shi da ita, ko takardun jabu. Sai ya gwammace ya bar kaza cikin gashinta, ya ce tafiya ce ba ta yiwu ba. Ejan ya ci gaba da zama a shagonsa, gobe ya cike wa wani irin wannan fom. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ita ke ba kamfanonin Hajji da Umra lasisi, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koke, amma ba mai hukunta laifin da ba a kai masa ƙararsa ba. Ina ganin lokaci ya yi da za a wajabta wa duk eja ya ba matafiyi kwafin fom ɗin da ya cike masa, da sa hannun su biyun, kuma in ya tabbata bayanin da ejan ya ƙirƙira ne ya sa aka juyo da mutum, ya biya kuɗin tikiti ko lasisinsa ya tafi.

Gwamnati ma tana da nata. Mun ga abin da za ta iya in ta ga dama. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi, tana zargin katin rigakafin cutar shawara da ke hannunsu na jabu ne. Ministan Harkokin Waje na lokacin, Olugbenga Ashiru, ya tsaya kai da fata, Najeriya ta fara juya nasu mutanen, kafin a daɗe Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. To amma wannan taro ne, jaridu sun ɗauka, majalisa ta yi magana. Mutum ɗaya da ke kwance a kan kujera da tsakar dare ba shi da jarida. A Maris ɗin 2017, da aka yi ta juyo da masu sahihiyar biza daga Amurka, abin da muka ji daga Abike Dabiri-Erewa, mai ba shugaban ƙasa shawara a lokacin, shi ne wanda tafiyarsa ba ta gaggawa ba ce ya dakata. Shawarar ba laifi, sai dai ba ta yi wa wanda ya riga ya isa komai ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 a kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ta ba baƙon da aka tsare damar a sanar da wakilan ƙasarsa. Damar ba ta da amfani in lambar ofishin ba a ɗagawa bayan ƙarfe huɗu. Layi ɗaya da ake amsawa dare da rana a kowane ofishin jakadancinmu, a buga shi a takardar da za a miƙa wa kowane matafiyi a filin jirgin Kano da Abuja da Kaduna, bai kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya a ma'aikata ba. Kuma a riƙa ƙidaya: mutum nawa aka juyo mana bana, daga ina, a kan me? Ƙasar da ba ta da wannan lissafi ba ta da abin ɗorawa a tebur in ta je neman bahasi.

Kafin a kai can, wanda zai tafi ya taimaki kansa. Ya karanta fom ɗinsa, ko ya sa ɗansa ya karanta masa. Ya buga komai a takarda, gayyata da adireshi da lambar mai masauki, kada ya dogara da waya. In Turancinsa ba ya ɗaukar doguwar tambaya ya nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. Mafi muhimmanci, kada ya sa hannu a abin da bai fahimta ba. A Amurka akwai bambanci mai girma tsakanin a bar mutum ya janye buƙatar shigarsa ya koma, da a yi masa korar gaggawa, wadda ke jawo haramcin shiga na shekara 5. A ƙasashen Shengen dole ne a ba wanda aka hana takarda mai ɗauke da dalili, yana kuma da damar ɗaukaka ƙara, ko da yake ƙarar ba ta hana a mayar da shi. Takardar nan ita ce Kawu ya so ya yaga a mota, don baƙin ciki, na riƙe hannunsa.

Mun ɗauki hotonta muka aika wa yaron ya fassara mana, muka ga akwatin da aka yi wa alama: rashin takardun da ke tabbatar da dalilin zuwa da yanayin zama. Da ita muka je shagon ejan. Ya kalle ta, ya kalle mu, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, ƙaddara ce." Kawu, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, ya ce, "Na yarda da ƙaddara. Amma otal ɗin nan da hannu aka soke shi. Hannun wa?" Ejan bai amsa ba. Mun rubuta koke, mun haɗa da kwafin takardar da rasit ɗin kuɗin da aka biya, muna jiran a kira mu. Shaddar kuwa tana nan a durowar Kawu da gugarta, yaron ya ce a ajiye masa sai ya zo gida da sallah.