Skirif ɗin nan zai sa mini hawan jini

Wai don Allah wa ya rubuta skirif ɗin nan da ke tayar mana da kwantenonin Docker, akwatunan da manhajoji ke aiki a cikinsu, kafin gwaji? Ɗan guntun abu, amma kullum da sabon salon mutuwarsa. Yau ya ce bad interpreter saboda wani bawan Allah ya buɗe shi a Windows ya liƙa wa kowane layi ^M, alamar ƙarshen layi irin ta Windows, gobe Permission denied don an manta chmod +x mai ba shi izinin aiki, jibi an sa #!/bin/bash a sama, wato manhajar bash ce za ta gudanar da shi, alhali Alpine, ƙaramin nau'in Linux ɗin nan, ko bash ɗin ba ya zuwa da shi. Postgres, rumbun bayananmu, bai gama tashi ba gwaji ya afka masa, maganin da magabata suka bar mana kuwa sleep 30 ne, wato a jira daƙiƙa 30, wani ya zo ya mai da shi 60, haka za mu yi ta ƙari har a kira isha'i? Kwantenar jiya ta riƙe 5432, ƙofar da Postgres ke amfani da ita, kamar ɗan hayan da ya ƙi tashi, sabuwa ta rasa wurin zama. Babu set -e mai tsayar da skirif in an samu kuskure, umarni na uku ya faɗi, sauran suka wuce abinsu, a ƙarshe ya buga maka Done ba kunya! An gama me? Ga latest, alamar ɗauko sabuwar siga, da ke sauya siga cikin dare ba sallama, ga sed -i, umarnin gyara fayil, da ke aiki a Linux ya yi gardama a Mac, ga data na ƙonewa. Ka kai kuka kuma a ce, ai malam a kwamfutata lafiya lau yake aiki. To kwamfutar taka za mu ɗauka mu kai wa kwastoma?