Marubutanmu na onlayin, a riƙa tambaya kafin a rubuta

Makon jiya na ajiye wani littafi da ake turowa kashi-kashi a WhatsApp tun a kashi na uku, kuma wallahi marubuciyar ta iya jan zaren labari, amma sai ta ce jarumin nata babban likitan tiyata ne ɗan shekara 24 har ya gina asibitinsa a Abuja. Haba. Karatun likita a jami'o'inmu shekara 6 ne in ba a yi yajin aiki ba, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa, kafin ma a fara zancen ƙwarewa da ita ma take cin wasu shekarun. Daga nan na daina yarda da duk abin da ta faɗa min, har kukan jarumar bai taɓa ni ba.

Nasan za a ce ai ƙirƙira ce, masu karatu hutu suke nema daga wahalar rayuwa shi yasa suke son labarin gidan sama da na Dubai. Na yarda. Amma ko a tatsuniya Gizo yana magana kuma ba wanda ya taɓa musawa, saboda halinsa na wayo da kwaɗayi baya canzawa, mun san masu irinsa a unguwa. Mai karatu zai yafe maka aljani, ba zai yafe maka ka ɗaura wa bazawara aure kwana arba'in da rasuwar mijinta ba alhali kowa ya san takaba wata 4 ce da kwana 10.

Inda yafi damuna shine yadda ake rubuta maganar mutanen cikin labari. Dattijuwa a ƙauye tana kiran ɗan farinta da sunansa gatsal, gaban surukai, babu alkunya babu sakayawa, kuma ba a nuna mana dalili ba. Wannan rashin sauraro ne kawai. Masu rubuta labarin gaskiya a Facebook ma haka, sai su sa wa mutum dogon jawabin da ba su ji da kunnensu ba.

Dan Allah in za ki rubuta kotu, ki je ki zauna a kotun shari'a ko sau ɗaya ki ji yadda alƙali ke tambayar mai neman saki. In ɗakin haihuwa ne ki samu ungozoma ko nas ki tambaye ta me take fara yi in an kawo mace tsakar dare.