Ranar da Na Kaɗa Miya a Saman Bene

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san ruwa da ladabi. Bazara ta gasa mutane, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kaɗa, a kwashe shanya, sannan ya sauko. Daga Yuni zuwa Satumba an san damina ce. Jidda ba ta san wannan tsari ba. A watannin da ake shuka gero a gida, nan ko gajimare ba ka gani, sai zafi da gumin Bahar Maliya mai manna wa mutum riga a baya. Ruwanta na lokacin sanyi ne, galibi daga Nuwamba zuwa Janairu, wata shekarar ma da ƙyar yake jiƙa ƙasa. Amma idan iska mai ɗumi da laima ta taso daga wajen Sudan ta ci karo da mai sanyi daga arewa, abin da ya kamata a raba wa shekara sai a juye shi kafin azahar. Duwatsun gabashin gari ƙwal suke, ba sa shan ruwa, sai su miƙo shi ta kwaruruka, kwarurukan kuwa ta cikin unguwanni suka bi zuwa teku. Wanda ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta ci rayuka fiye da 100 ana cikin aikin Hajji, ba ya wasa da gajimaren Jidda.

Duk wannan na sani, don gyaran famfo ne sana'ata. Ni ne mai bin gidajen mutane a watan Oktoba ina wa'azi: a share saman bene, a kwashe ƙurar wata goma da gashin tattabaru da ledoji, a zuba bokiti biyu a ga ko indararo yana ja, a ɗaga bakin tankin ƙasa kada ruwan titi ya shiga.

Saman namu mita 8 ne a mita 10, daɓen kankare, an kewaye shi da katanga iya ƙugu. Mafitar ruwa ɗaya ce tak, bututu mai inci 4 a kusurwa. A can uwargida take ajiye kayan sana'arta, garin busasshiyar kuɓewa buhu biyu, kuka buhu ɗaya, da daddawa, waɗanda 'yan Umara ke taho mata da su tana sayar wa matan unguwa. Da ɓeraye suka gano bututun nan suka mai da shi matakala, sai na nuna gwaninta. Na cusa tsumma, na bi da kwalbar roba, na shafe bakin da siminti. Wannan a watan Maris ne. Na ce zan fasa simintin kafin damina. Yuni ya zo, jikina ya ce damina ta yi, na ɗaga kai na ga sama fes, na ce ashe da saura. Daga nan maganar ta fita raina.

Ranar Alhamis 24 ga Nuwamba 2022 aka tashi da sanarwar rufe makarantu. Da safe sama ta yi baƙi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. A ranar an auna milimita 179 a kudancin gari cikin awa shida. Ina zaune ina kurɓar shayi, har ina tausayin waɗanda ba su ji wa'azina ba, sai uwargida ta ce, "Maigida, ban ji ƙarar indararonmu ba."

Ga lissafin da na yi tsakanin kujera da ƙofa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Dokin ƙofar saman namu santimita 10 ne. Kafin ruwa ya haura shi sai lita 8,000 ta taru, wato durom 40, nauyin tan 8 a kan ɗakin da yarana ke kwance. Ban gama lissafin ba na ga ya fara gangarowa ta matakala, kore shar, yana zare kamar igiya.

Na ɗauki guduma da kurfi. Duk wanda ya taɓa taka miyar kuɓewa a kan tayil ya san sauran labarin. Taka uku na yi na dawo ƙasa a zaune, guduma ta riga ni isowa. Karo na biyu da rarrafe na hau. A sama buhunan sun buɗe baki, kuka ta kama jikinta, daddawa tana yawo ɗaya-ɗaya, ƙamshi kuwa har ya fi na gidan biki. Na durƙusa ina laluben bakin bututu a cikin yauƙi. Guduma ba ta da ƙarfi a cikin ruwa, kurfin kuma sai zillewa yake daga hannuna kamar tarwaɗa. Daga ƙasa ana kira, "Maigida, ka fara ceto buhunan!" Wane buhu, Hajiya?

Sai a bugu na kusan ashirin simintin ya fashe. Na zaro kwalbar, tsumman ya wuce da kansa, bututun ya yi wata irin gyatsa ya fara ja. Abin da na manta shi ne inda yake zubarwa: a lungu, dab da ƙofar wani dattijo Bakatsine da ya fi shekara 40 a garin. Na leƙa ta kan katanga na same shi tsaye a bakin ƙofa, ya tattare zani, yana kallon koren ruwa na malala a kan takalmansa. Ya duƙa ya dangwala da yatsa, ya ja, abin ya biyo shi. Ya sansana. Sannan ya ɗago kai.

"Malam, daga wajenku ne?"

"Daga wajenmu ne, Baba. A yi haƙuri."

"Ba komai. Gishiri ne bai ji ba. Tuwon yana tafe, ko in sa a tuƙa?"