White Sox: kara ce ta kai mu nan

Na san wasunku za su ce me ya haɗa Bahaushe da besbol. Zaman Shikago ne ya haɗa. Gidan da na fara haya yana kudancin birni, kuma jirgin ƙasa na jan layi yana sauke mutum a tashar Sox-35th, dab da ƙofar filin White Sox, ƙungiyar besbol ta wannan yanki. Wani dattijo maƙwabcina ne ya fara jan hannuna zuwa kallo a 2005, ni ko dokokin wasan ban sani ba. A shekarar nan White Sox ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, ta lallasa Houston wasa huɗu a jere, kofin da rabonta da shi tun 1917. Sai na ɗauka haka abin yake kullum. Ashe ɗanɗano aka ba ni.

Ga wanda bai sani ba, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka. Ko ƙungiyar da ta lalace takan ci sittin da wani abu. A 2024 mun ci 41, aka ci mu 121. Tun 1900 ba a taɓa cin wata ƙungiya haka ba. Abin kunyar da ke kan gaba a da na New York Mets ne, da aka ci 120 a 1962, su kuwa suna da uzuri, domin shekararsu ta farko ke nan da kafuwa. Mu tun 1901 muke cikin gasar. Daga 10 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta an ci mu sau 21 a jere. A makon ƙarshe, lokacin da muka doke Angels a gida, wasu magoya baya ihu suka riƙa yi wa ƙungiyar don ta yi nasara, saboda sun sayi tikiti ne su ga an kafa tarihin da idonsu. In ka ga mai gida yana tafa wa gobarar ɗakinsa, to ka san an kai shi bango.

Tun daga lokacin ake ta musu a kan waye mai laifi, kuma mafi yawan masu hayaniya 'yan wasa suke zagi. Andrew Benintendi ya fi kowa shan suka, don shi aka ba kwantiragi mafi tsada a tarihin ƙungiyar, dala miliyan 75 na shekara biyar. Yoán Moncada da Eloy Jiménez kuwa ana cewa sun fi sanin ɗakin likita da fili. Ban ce ƙarya ake yi ba, amma ku dubi adadin nan da kyau. Miliyan 75 shi ne ƙololuwar abin da ƙungiyar birni na uku mafi girma a Amurka ta taɓa ba ɗan wasa, a zamanin da Dodgers ta ba Shohei Ohtani miliyan 700. Benintendi bai sa wa kowa wuƙa a wuya ba. An yi masa tayi ya karɓa, kamar yadda ni da kai za mu karɓa.

Wasu kuma koci suka kama, Pedro Grifol. An kore shi ranar 8 ga Agusta 2024, ana da nasara 28 da rashin nasara 89. Ya cancanci kora, amma wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi shi ya kamata a fara tambaya.

Ni a ganina cutar tana wurin mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, wanda ya saye ta tun 1981 kuma shi ke da Chicago Bulls. Mutane suna cewa rowa ce. Akwai rowa, amma abin da ya fi yi mana illa shi ne kara. Mutumin nan ba ya iya rabuwa da nasa. Mu Hausawa mun san halin nan sarai, har muna yabonsa, kuma a zumunci abin yabo ne. A sana'a kuwa shi ke rufe shago.

Ku dubi abin da ya faru a ƙarshen 2020. An sha wahalar shekaru ana gina ƙungiya: an sayar da gwanin jifa Chris Sale ga Boston a 2016, an tara matasa, an jure rashin nasara, har yara suka nuna. Daidai lokacin da za a ci moriya sai Reinsdorf ya ɗauko tsohon amininsa Tony La Russa, mai shekara 76, wanda rabonsa da horar da ƙungiya tun 2011. Sanin kowa ne korar da White Sox ta yi wa La Russa daga kujerar koci a 1986 ta daɗe tana ci wa mai ƙungiyar rai, sai ya biya bashin zuciyarsa da kakar wasanninmu. Mun ci wasa 93 a 2021, Houston ta fitar da mu a zagayen farko na wasannin neman kofi, 2022 aka tashi 81 da 81, 2023 aka ci mu 101. Da a ƙarshe aka sallami Kenny Williams da Rick Hahn a Agustan 2023, bayan shekaru masu yawa suna riƙe da ragamar saye da sayarwa, mun ɗauka za a fita waje a nemo sabon jini. Kwana tara kacal aka ɗaga Chris Getz, wanda yake cikin gidan, shi ne ma mai kula da renon matasan da suka kasa nuna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ganin namu suna haskawa a gidan wasu. An sayar da Dylan Cease ga San Diego a Maris 2024, zuwa Yuli ya yi jifa wasa guda cur ba wanda ya samu bugu mai kyau a kansa. Sale ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a Atlanta a shekarar. Garrett Crochet, wanda shi kaɗai ke sa mu kunna talabijin, an miƙa shi Boston a Disamba.

Masu kallon Firimiya za su tambaya, to ba a jefa ku rukuni na biyu ba? Babu wannan a besbol ɗin Amurka. Ko sau nawa aka ci ka, kujerarka tana nan, kuɗin talabijin na ƙasa yana shigowa, darajar ƙungiya tana hawa. Shi ya sa ihun "a sayar da ƙungiya" da ake yi a fili bai hana kowa barci ba. A shekarar da muke wannan abin kunya ma, kuɗin jama'a ake nema don gina sabon fili.

Zan yi adalci kaɗan. A 2025, ƙarƙashin sabon koci Will Venable, mun ci wasa 60, kuma yaran da aka samo suna da alamar kirki. Colson Montgomery ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili, wato bugun da ya fi kowane daraja, sau 21 a ƙasa da rabin kaka, Kyle Teel da aka karɓo a cinikin Crochet ma ba laifi. An kuma ƙulla yarjejeniyar da za ta iya miƙa ƙungiyar ga attajiri Justin Ishbia, amma ba kafin 2029 ba. Abokaina na fili har sun fara rawar kai, wai ga shi Fafaroma Leo ma ɗan White Sox ne. Ni dai na ga irin wannan murnar a 2020. Tambayata ɗaya ce: ranar da Montgomery zai nemi miliyan ɗari biyu, wa zai sa hannu a takardar?