Abin da ke rubuce a bayan kwalba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da iri da taki da maganin ƙwari a nan Maradi, kuma maganar da zan yi yau, ta yadda muka saki karatu, ta daɗe tana ci mini rai.

Ranar Litinin, kasuwa ta cika, wani dattijo daga wajen Jiratawa ya shigo shagona da kwalba a aljihun riga. Ba wurina ya saye ta ba, a kan tebur ya same ta a kasuwar ƙauye. Ya ce, "Ɗana, duba mini, murfi nawa zan zuba? Zogalen jibi za a yanka." Na juya bayan kwalbar. Zanen da ke ƙasan takardar ja ne, alamar guba mafi ƙarfi, kuma an rubuta da Faransanci cewa na auduga ne. Na ce, "Baba, wannan ba a fesa shi a kan ganyen da mutane za su ci." Ya yi shiru, can ya ce shekara biyu ke nan da shi yake feshi, ba wanda ya taɓa gaya masa. Sai ya ƙara da cewa, "Mu jahilai sai abin da aka ce mana."

Da zai biya kuɗin iri, ya zaro wani ɗan littafi da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi. Duk bashin da yake bi da wanda ake bin sa yana ciki, da ajami, rubutu mai tsabta kamar na mai rubuta allo. Na tambaye shi, ya ce ya sauke Alƙur'ani tun kafin ya yi aure. To wa ya gaya wa wannan bawan Allah cewa shi jahili ne? Mu ne. Mun mai da kalmar karatu ta zama ta wanda ya zauna gaban mushe, wato malamin boko, a lakol kaɗai. Shi kuma wanda ya je lakol ɗin mun ba shi wata kalma da ta fi wannan illa: "ya gama karatu". Daga ranar da ya karɓi takardar shaida, ko aka kore shi, ya rufe littafi ke nan har abada.

Ni ma haka na yi. Na bar kwaleji ban kai ga BEPC, jarrabawar kammala ta, ba, na shiga kasuwa, kuma na yi shekaru ban karanta komai ba sai lambar kuɗi. A farkon sana'ata na sayar wa wani maƙwabcina ƙwayar nan da ake sa wa a buhun wake don kashe ƙwari. Ban karanta gwangwanin ba, alhali na iya. Ya jera buhunan a ɗakin da yaransa ke kwana. Tsakar dare suka tashi da amai da ciwon kai, aka kwashe su zuwa asibiti. Allah ya kiyaye, duk sun tashi. Da gari ya waye na ɗauki gwangwanin hannuna na rawa, ga shi nan a rubuce: ƙwayar tana fitar da iska mai guba da zarar ta sha danshi, kada a yi amfani da ita inda mutane ke kwana. Layi uku ne kacal. Har yau in na haɗu da yaran nan, sun girma, sai gabana ya faɗi.

Tun daga ranar ban sake ɗora kaya a kan kanta ba sai na karanta takardarsa, kalmar da ta gagare ni in rubuta ta a kwali in tambayi wanda ya fi ni. A haka na san akwai adadin kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi, kuma kowane magani da nasa. A wata ƴar takarda da aka raba na fara fahimtar buhun nan mai ninki uku: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne dam, iska ta ƙare wa ƙwaron wake ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maradi suna cikin waɗanda suka gwada shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Abu a bayan gidanmu, amma sai da na karanta na sani.

Na san abin da wasu za su rubuto. Za a ce mai neman na cefane ba ya da lokacin littafi, littafin ma da tsada, mafi yawansa kuma da Faransanci. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mu dubi fadojinmu. Daga bayan isha'i har sha biyun dare ana zaune, shayi na fari, na biyu, na uku, kowa da salula a hannu. Jikka nawa muke zubawa a intanet kowane wata? Abin da ya fi damuna shi ne saƙon murya na WhatsApp. Ya sauƙaƙa zumunci ƙwarai, amma ya sa har waɗanda suka iya rubutu sun daina. Wani da ba mu san ko wane ne ba zai yi magana minti bakwai a kan magani ko addini ko farashin naira, mu tura wa mutum ashirin ba mu bincika ba. Rubutu kana iya komawa kansa, ka tsaya, ka auna shi da wani, ka kama inda aka yi maka ƙarya.

Ga kuma iyayenmu mata. Ɗa ya aiko kuɗi daga Legas ko Agadas, saƙo ya shigo, sai uwa ta miƙa wa yaron maƙwabta salula ya karanta mata. Sirrinta ya fita, kuma abin da ya ce shi ke nan.

Ba mu rasa abin koyi ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin hasken rana, a Tasawa aka haife shi a 1929. Sassabin zamani, wato barin kututture ya sake tofo a gona ana kula da shi, da ya dawo da itatuwa gonakinmu a yankin Maradi ya faro wajen 1983, manomi yana koya wa manomi, har baƙi na zuwa daga nesa su rubuta labarinsa. Samari nawa ne a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho suka san haka, ko suka san ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa gari ya hau tudu? A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Na yi murna. Sai dai in ba mu karanta ta muna rubuta ta ba, takardar bayan kwalba za ta ci gaba da zuwa da harshen da Baba bai ji.

Dattijon ya dawo ranar Juma'a da littafinsa. Ya ce in jera masa baƙaƙen boko, shi zai sa na ajami a ƙarƙashin kowanne. Muka zauna a kan buhun taki, ciniki na jira, muka kai harafi goma. Ya ce Litinin zai zo da jikarsa, ita ma a yi da ita.